Alan Blumlein: Injiniyan da Ya Raba Sauti Hagu da Dama

A gidaje da yawa akan ga lasifika biyu a falo, ɗaya a hagu ɗaya a dama. Wannan tsari da ake kira sitiriyo yana da asali, kuma asalinsa yana komawa ne ga wani injiniya ɗan ƙasar Ingila mai suna Alan Dower Blumlein. Ga taƙaitaccen tarihinsa.

Haihuwarsa da Karatunsa

An haifi Blumlein a unguwar Hampstead da ke birnin Landan ranar 29 ga watan Yuni, 1903. Mahaifinsa haifaffen Jamus ne da ya zama ɗan Birtaniya. Blumlein ya yi karatu a makarantar Highgate, daga nan ya shiga kwalejin City and Guilds, inda ya sami digiri mai daraja ta ɗaya a 1923. A 1924 ya fara aiki da kamfanin International Western Electric a fannin wayar tarho. A 1929 ya koma kamfanin faifan garmaho na Columbia, inda ya ƙirƙiro sabuwar na'urar yanka sauti a kan faifai, wadda ta hutar da kamfanin daga biyan kuɗin amfani da fasahar Amurkawa. A 1931 Columbia ya haɗe da wani kamfanin suka zama EMI.

Ƙirƙiro Sitiriyo

A sinimomin wancan zamani murya daga wuri ɗaya take fitowa, ko da ɗan wasa yana can wani gefen majigi. An ce wannan ne ya dami Blumlein har ya shiga neman mafita. Ya san cewa da kunnuwa biyu mutum yake gane inda sauti ya fito. Idan sauti ya taso daga hagu, yakan riga isa kunnen hagu, kuma ya fi ƙarfi a can. Da wannan ɗan bambanci ƙwaƙwalwa take gano wurin.

Saboda haka sai ya gitta makirfo biyu a wuri ɗaya, ɗaya na fuskantar hagu ɗaya na fuskantar dama, kowanne da lasifikar da za ta fitar da abin da ya ɗauka. Idan lasifikun biyu suka fitar da murya da ƙarfi iri ɗaya, mai sauraro zai ji ta a tsakiya, wurin da babu lasifika ko ɗaya. Idan ta dama ta fi ƙarfi, sai muryar ta karkata dama. Haka kuma ya nuna yadda tsagi ɗaya na faifai zai ɗauki sautin biyu, kowane gefen tsagin da nasa. A watan Disamba na 1931 ya nemi takardar mallakar wannan fasaha, aka ba shi a 1933. A 1934 ya gwada ta a ɗakin ɗaukar sauti na Abbey Road, a 1935 kuma ya ɗauki fim ɗin jiragen ƙasa a tashar Hayes, inda ake jin ƙarar jirgi tana bin sa daga wannan gefe zuwa wancan.

Wannan bayani shi ne dalilin ƙa'idar da masana suke bi wajen ajiye lasifika a ɗaki. Mai sauraro da lasifikun biyu su zama kamar duwatsun murhu, tazararsu daidai da juna. Idan mita 2 ce tsakanin lasifikun, to kujera ma ta kasance mita 2 daga kowace. A ɗaga su daidai kunnen wanda yake zaune, a ɗan janye su daga bango da lungu, domin a nan ne sauti mai kauri yake kumbura ya danne sauran. Wanda ya ɗora ɗaya a kan kabad ya ɓoye ɗaya a bayan kujera ya ɓata ma'aunin, kuma muryar tsakiya za ta ɓace masa.

Sauran Ayyukansa da Rasuwarsa

Kamfanin EMI bai kai sitiriyo kasuwa a lokacin ba, ya mayar da hankali ga talabijin. Blumlein yana cikin manyan injiniyoyin da suka tsara talabijin mai layi 405 da BBC ta fara amfani da shi a 1936. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, sai ya shiga aikin na'urar rada da ake sa wa jiragen yaƙi. Ranar 7 ga watan Yuni, 1942, jirgin da suke gwaji a cikinsa ya kama wuta ya faɗi a yankin Herefordshire, duk mutane 11 da ke ciki suka mutu. Shekarunsa 38, ya bar mata da 'ya'ya maza biyu. Saboda sirrin yaƙi, gwamnati ba ta yayata mutuwarsa ba, wannan ya sa sunansa ya daɗe a ɓoye.

A ɗan gajeren zamansa a duniya ya mallaki takardun ƙirƙira 128. Sai a 1958 faifan sitiriyo ya bazu a kasuwa, shekara 16 bayan rasuwarsa, a kan tsarin tsagi irin wanda ya bayyana tun 1931. A 2017 aka karrama shi da lambar yabo ta Grammy. Mu ɗaliban harshe da muke sauraren muryoyin da aka naɗa domin nazarin furuci, muna cikin masu cin moriyar aikinsa, ya kamata mu san sunansa.