Taƙaitaccen Tarihin Henri Langlois, Mai Adana Fina-finai

Haihuwarsa da Tasowarsa

An haifi Henri Langlois a birnin Izmir na ƙasar Turkiyya ranar 13 ga Nuwamba, 1914. A 1922 yaƙi da gobarar da ta cinye birnin suka tilasta wa iyayensa yin ƙaura zuwa Faransa. A birnin Faris ya girma, kuma tun yana yaro son silima ya kama zuciyarsa.

Kafa Taskar Fina-finai

A wancan zamani fina-finai masu magana sun shigo, kasuwar na bebaye ta mutu. Kamfanoni suka riƙa sayar da tsofaffin a narkar domin a tatsi azurfar da ke jikin zarensu. Wannan asara ta dame shi ƙwarai. A 1936 shi da abokansa Georges Franju da Jean Mitry suka kafa taskar adana fina-finai da majigin nuna su, mai suna Cinémathèque Française. Bayan shekara 2 ya shiga cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar irin waɗannan taskoki ta duniya. Da Jamusawa suka mamaye Faransa daga 1940 zuwa 1944, ya yi ta ɓoye fina-finan da suke neman ƙwacewa ko hallakawa.

Tsakanin Masoyi da Mai Sharhi

Aikin mai sharhi shi ne ya auna fim, ya ce wannan nagari ne, wancan kuwa ba shi da daraja. Langlois bai yarda a yi amfani da wannan ma'auni wajen adanawa ba. A ganinsa hukuncin kowane zamani yakan sauya, fim ɗin da aka raina yau ana iya ɗaukaka shi gobe, amma wanda aka narkar ya tafi ke nan. Saboda haka duk abin da ya samu karɓa yake yi, har da tufafin 'yan wasa da takardun talla.

Takwaransa na Landan, Ernest Lindgren, ya bi wata hanya dabam. Yana da kwamitin da ke zaɓen abin da ya cancanci adanawa, yana rubuta komai a rajista, kuma ba ya yarda a haska kwafi ɗaya tilo don gudun lalacewa. Langlois kuwa nunawa yake yi kowane dare, domin a wurinsa fim ɗin da ba a kallo tamkar matacce ne.

Abin lura shi ne, daga ɗakin wannan masoyi ne manyan masu sharhi suka fito. Daga 1948 wasu samari suka lizimci ƙaramin ɗakinsa na nuni, cikinsu har da François Truffaut da Jean-Luc Godard da Jacques Rivette. Su ne suka riƙa rubuta sharhi mai zafi a mujallar Cahiers du Cinéma wadda André Bazin da abokansa suka kafa a 1951, daga baya suka zama mashahuran masu shirya fim. Sun iya hukunci ne domin sun fara da yawan kallo.

Rigimarsa da Hukuma

Soyayya kaɗai ba ta tsare dukiya. Langlois ba ya riƙe lissafi yadda ya kamata, ba shi da cikakkiyar rajista, kuma a 1959 gobara ta cinye fina-finai masu yawa a harabar taskar. Ganin kuɗin gwamnati na shiga, sai a Fabrairun 1968 aka sauke shi bisa matsin ma'aikatar al'adu, wadda André Malraux ke shugabanta. Nan take masu shirya fim suka fito zanga-zanga, 'yan sanda suka dake su. Manya irin su Charlie Chaplin suka mara masa baya daga ƙasashen waje. A watan Afrilu aka mayar da shi kan kujerarsa, amma gwamnati ta janye tallafinta.

Ƙarshen Rayuwarsa

A 1972 ya buɗe gidan tarihin silima a Faris, a 1974 kuma aka ba shi lambar girmamawa ta Oscar a Amurka. Ya rasu ranar 13 ga Janairu, 1977, yana da shekara 62, ya bar dubun-dubatar fina-finai. Waɗanda suka gaje shi sun haɗa hanyoyin biyu: suna tattarawa ba tare da raini ba, suna kuma rajista da gyara cikin tsari. Duk wanda aka damƙa wa amanar tsofaffin takardu, hotuna ko kaset-kaset na al'umma, yana da abin koyi a nan: a fara cetowa, a rubuta abin da aka ceto, hukunci ya biyo baya.