Kahal, likitan da ya zana ƙwaƙwalwa

An haifi Santiyago Ramon i Kahal ran 1 ga watan Mayu 1852, a wani ƙaramin ƙauye na ƙasar Isfaniya. Ubansa likita ne. Tun yana yaro ba abin da yake so kamar zane. Lakkwal kuwa ba ta dame shi ba. Da uban ya gaji, sai ya kai shi koyon aiki wurin wanzami, daga nan wurin baduku. Bayan haka ya koma karatu, ya zama likita a 1873.

A 1874 aka tura shi tsibirin Kuba, likitan soja. Can masassarar cizon sauro ta kama shi, ya komo gida a rame. A 1877 ya sayi madubin da ke girmama ƙananan abubuwa da kuɗin da ya tara.

A zamanin nan masana da yawa sun ɗauka jijiyoyin ƙwaƙwalwa a haɗe suke kamar taru, ba farko ba ƙarshe. Wani likitan Italiya mai suna Golji ya gano yadda ake rina su da ruwan azurfa, su fito baƙi ƙirin. Kahal ya ga wannan rini a 1887, ya kyautata shi. Amma ƙwaƙwalwar babba a cunkushe take. To, yaya zai yi?

Wanda ya shiga layukan dogon yaro na fadamar Majiya, a ƙasar Buza, zai ga rassa sun sarƙe, bai san na wace itaciya ba ne. A wurin renon itace kuwa kowane tsiro a ware yake. Dabarar Kahal ke nan. Ya koma duban ɗan tsakon da ke cikin ƙwai, wanda jijiyoyinsa ba su gama girma ba. Abin da ya gani duka ya zana shi da hannunsa.

A 1888 ya nuna cewa kowace ƙwayar jijiya zaman kanta take yi. Tana kusantar maƙwabciyarta, tana miƙa mata saƙo, amma ba su narke sun zama ɗaya ba. A 1890 ya ga wani abu a lakar ɗan tsako: ƙwayar tana fid da zare, kan zaren yana tafiya yana lalube kamar yaɗon duma, har ya isa inda aka nufe shi. Ya yi zaton akwai wani sinadari da ke jawo shi.

A 1906 aka ba shi babbar kyautar Nobel tare da Golji. Ya rasu a Madirid ran 17 ga watan Oktoba 1934.

Shekara 60 bayan rasuwarsa, a 1994, aka gano ɗaya daga cikin waɗannan sinadarai. An kuma gane cewa ƙwayoyin gado, waɗanda muke samu daga uwa da uba, su ne ke tsara aikin: wannan ƙwaya ta gani ce, waccan ta motsa hannu, ga kuma hanyar da zaren kowace zai bi. In tsarin ya karkace tun cikin ciki, ana iya haifar jinjiri da nakasa.

Tambayoyi
1. Waɗanne sana'o'i Kahal ya koya yana yaro?
2. Don me ya zaɓi duban ɗan tsako?
3. Me ke tsara aikin kowace ƙwayar jijiya?