V. Shantaram: Daraktan da ya jarraba amana a kan fursunoni shida

An haifi Shantaram Rajaram Vankudre, wanda duniyar fim ta fi sani da V. Shantaram, ranar 18 ga Nuwamba, 1901, a garin Kolhapur da ke yammacin Indiya. Ya soma da ƙananan aikace-aikace a kamfanin fim na Baburao Painter, inda ya koyi sana'ar tun daga tushe. A 1929 ya haɗa gwiwa da abokansa suka kafa kamfanin Prabhat, sannan a 1942 ya bar su ya buɗe nasa, Rajkamal Kalamandir, a birnin Bombay.

Tun da wuri ya karkata ga matsalolin al'umma. Fim ɗinsa Duniya Na Mane (1937) ya soki aurar da yarinya ga tsoho, Padosi (1941) kuwa ya yi kira ga zaman lafiya tsakanin Musulmi da mabiya addinin Hindu.

Aikin da ya fi ɗaukaka sunansa shi ne Do Aankhen Barah Haath (1957), wato idanu biyu da hannaye goma sha biyu. Labarin ya samo asali daga gwajin gidan yari marar katanga da aka yi a Swatantrapur, cikin masarautar Aundh. Shantaram da kansa ya fito a matsayin Adinath, jami'in gidan yari da ya nemi izinin hukuma ya kwashi masu laifin kisan kai shida zuwa wani busasshen fili domin su yi noma, ba ankwa ba mai gadi. Ya jingina aikinsa da mutuncinsa a kan cewa ba za su gudu ba. Duk sanda suka yi niyyar tserewa, tunanin idanunsa ne yake mayar da su. Da gonar ta yi albarka, 'yan kasuwar da arahar kayan lambun ta tsone wa ido suka kai hari, Adinath kuma ya rasa ransa wajen kare gonar. A wurin ɗaukar wannan fage na artabu da bijimi, Shantaram ya ji mummunan rauni a ido.

Fim ɗin ya samu karɓuwa a gida da waje. Ya lashe lambar zinariya ta shugaban ƙasar Indiya, ya samu kyautar Silver Bear a bikin finafinai na Berlin a 1958, sannan aka ba shi kyautar Samuel Goldwyn a bikin Golden Globe na Amurka a 1959. Masu sharhi sun yaba da yadda ya sarrafa haske da inuwa, da kuma yadda ya ɗora aƙidar Gandhi ta gyaran hali a kan labari mai sauƙi. Wasu kuwa sun ga wa'azin ya yi yawa, kuma shiryuwar fursunonin ta zo da sauƙin da rayuwa ba ta cika bayarwa ba. Duk da haka labarin bai tsufa ba, domin a 1975 an sake shirya shi da harshen Tamil.

An karrama Shantaram da lambar Dadasaheb Phalke ta 1985, mafi girma a harkar fim a Indiya. Ya rasu a Bombay ranar 30 ga Oktoba, 1990, yana gab da cika shekara 89, aka kuma ba shi lambar Padma Vibhushan a 1992. Tambayar da ya bari tana nan a gaban duk mai riƙe da makullin gidan yari: shin ana tsare mutum ne domin ya ɗanɗana kuɗarsa kawai, ko domin ya fito ya amfani jama'a?