Gwarzonmu na Wannan Mako: Alhaji Isa Kaita, Wazirin Katsina (1912–1994)

'Yan'uwa ɗalibai, da yawa daga cikinmu mun san sunan Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da ke Dutsin-Ma. Amma mu nawa ne muka san wane ne mai sunan?

An haifi Isa Kaita a nan Katsina a shekarar 1912. Mahaifinsa, Malam Haruna, shi ne Wazirin Katsina. Ya yi karatu a tsohuwar Kwalejin Katsina, wadda gininta yake nan har yau, an mai da shi gidan tarihi. Da ya kammala a 1932, sai ya kama alli, ya koyar a Makarantar Midil ta Katsina. A 1941, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, aka tura shi birnin Accra na ƙasar Gana ta yanzu, tare da Bello Dandago, suna karanta labaran yaƙi da Hausa a rediyo. Bayan ya dawo gida ya yi aiki a hukumar En'e ta Katsina, daga nan ya shiga siyasa a jam'iyyar NPC.

Babban aikinsa ya fara ne a 1957, lokacin da ya zama Ministan Ilimi na Jihar Arewa a gwamnatin Sardauna Ahmadu Bello. Ya riƙe muƙamin har zuwa juyin mulkin Janairun 1966. A lokacin, Jihar Yamma ta riga ta fara ilimin firamare kyauta tun 1955, Arewa kuwa tana baya ƙwarai. Shi da ya taɓa tsayawa gaban allo ya san inda gizo ke saƙar: ko an buɗe aji dubu, in babu malami, bango kawai aka gina. Don haka ma'aikatarsa ta mai da hankali ga horar da malamai da ƙara makarantu. A zamaninsa aka yi Dokar Ilimi ta 1962, wadda ta kafa hukumomin kula da makarantun firamare a yankuna. A shekarar ce kuma aka buɗe Babbar Kwalejin Horar da Malamai ta Zariya da Jami'ar Ahmadu Bello.

Da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin UPE na firamare kyauta a duk Nijeriya a 1976, Arewa ba daga ƙasa ta faro ba, ta tarar da harsashin da su Waziri suka aza.

Allah ya yi masa rasuwa a watan Nuwamba na 1994.

Yau ga makaranta a buɗe, amma har yanzu muna ganin sa'o'inmu suna yawon talla a lokacin darasi. Wanda ke da ƙane ko maƙwabcin da ba ya zuwa, ya yi ƙoƙari ya jawo shi. Masu shirin zana jarrabawar fita kuma, kada mu raina aikin koyarwa, domin da shi Waziri ya fara. Allah ya jiƙansa da rahama, amin.