Tarihin Marigayi Ronald McNair, Masanin Kimiyyar da Ya Yi Karatu a Greensboro

Duk wanda ya shiga Jami'ar A&T da ke birnin Greensboro a jihar North Carolina ta Amurka, zai ga ginin sashen injiniya mai suna McNair. To, wane ne mai wannan suna?

An haifi Ronald McNair ne a ranar 21 ga Oktoba, 1950 a garin Lake City da ke jihar South Carolina, a zamanin da ake nuna wa baƙar fata wariya ƙiri-ƙiri. A 1959, yana ɗan shekara 9, ya je ɗakin karatun garinsu aron littafi aka hana shi saboda launin fatarsa. Yaro ya kafe, ya ƙi fita. Aka kira 'yan sanda da mahaifiyarsa, amma daga ƙarshe da littattafan ya koma gida. Abin mamaki, yau ginin nan sunansa yake ɗauke da shi.

A Greensboro ya yi digirinsa na farko a kimiyyar fiziks, ya kammala a 1971 da sakamako mai daraja. Daga nan ya wuce MIT, inda ya duƙufa kan binciken hasken leza. A nan ne ya gamu da jarrabawar da a ganina ta fi ta ɗakin karatu zafi: bayanan gwaje-gwajen da ya shafe shekara biyu yana tarawa suka salwanta. Mai karatu ya sani, a wannan fanni ba a yarda da magana sai da awo, don haka dole ya koma ɗakin gwaji ya sake aunawa daga farko. Haka ya yi, ya sami digirin digirgir a 1976.

A 1978 Hukumar NASA ta zaɓe shi cikin mutum 35 daga dubban masu nema. A Fabrairun 1984 ya tashi a kumbon Challenger, ya zama baƙar fatar Amurka na biyu da ya je sararin samaniya, bayan Guion Bluford. Gwani ne kuma a wasan kareti.

Tafiyarsa ta biyu ita ce ajalinsa. Ranar 28 ga Janairu, 1986 an tashi da tsananin sanyi a Florida, zoben robar da ke toshe mahaɗin roka ya ƙandare, iskar gas mai zafi ta sami kafar fita. Daƙiƙa 73 da tashi kumbon ya tarwatse, duk mutum bakwai da ke ciki suka rasu. McNair yana da shekara 35, ya bar mata ɗaya da 'ya'ya biyu.