Alu Mai Sango: Sarkin Kano da ya riƙi albarushi, da ranar da ƙofar Bebeji ta faɗi

Duk wanda ya taɓa kallon hawan Sallah a Kano ya san ƙarar bindigogin gargajiya da farin hayaƙin da ke turnuƙe wuri kafin sarki ya iso. A yau wannan harbi ado ne da nishaɗi. Amma a ƙarshen ƙarni na 19, irin wannan bindiga ce ke raba gardama kan wanda zai hau gadon sarauta, kuma cikin sarakunan Kano babu wanda sunansa ya haɗu da ita kamar Aliyu Babba, wanda aka fi sani da Alu Mai Sango.

Asalinsa da laƙabinsa

Alu ɗa ne ga Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, mahaifiyarsa kuwa 'yar gidan Sarkin Musulmi Aliyu Babba ce ta Sakkwato, wanda ya ci sunansa. Ke nan ya haɗa jinin gidan Dabo da na gidan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. An san shi da karatun addini, an kuma san shi da jarunta.

Sango, inda laƙabinsa ya samo asali, wani gajeren mashi ne da maharban giwa ke cusawa a bakin bindiga su harba da ƙarfin albarushi.

Ba a zamaninsa bindiga ta fara shigowa Kano ba. Tarihin Kano ya nuna an kawo ta daga ƙasar Nufe a zamanin Sarki Kumbari, a ƙarni na 18, sannan Babba Zaki ya zama sarki na farko da ya kafa rukunin 'yan bindiga masu tsaron sarki. Duk da haka, doki da takobi da kwari da baka su ne suka ci gaba da zama ƙashin bayan yaƙi.

Basasa ta kawo shi mulki

Da Sarkin Kano Muhammadu Bello ya rasu a 1893, Sarkin Musulmi Abdurrahman ya naɗa Tukur ɗan Bello. 'Ya'yan Abdullahi ba su amince ba. Suka fice daga birni ƙarƙashin jagorancin Yusufu, suka yi sansani a Takai. Wannan shi ne mafarin yaƙin Basasa tsakanin Yusufawa da Tukurawa.

Yusufu ya rasu a Garko kafin a ci birni, sai jagoranci ya koma hannun ƙanensa Alu. A 1894 ya shiga Kano, Tukur ya fice, ya kuma rasa ransa a 1895. Manyan bayin sarki da yawa sun goyi bayan Yusufawa, kuma da Alu ya zauna daram sai ya danƙa bindigogi a hannun bayin sarki, waɗanda amanarsu ke gare shi kai tsaye.

Yana da dalilin yin haka. Daga kudu, mayaƙan Ningi sun daɗe suna kai hari kan garuruwan Kano. Daga arewa kuma ga Damagaram, wadda tun zamanin Sarki Tanimu take sayen bindigogi ta hanyar Sahara, har ana ƙera igwa a birninta. Wajen 1898 Sarkin Damagaram Ahmadu Kuran Daga ya kawo yaƙi har cikin ƙasar Kano. Alu ya ƙara tara makamai, ya kuma gyara ganuwar birni.

Bindigar da zamani ya wuce

Matsalar ita ce irin bindigar da ake iya samu. Mafi yawansu ta baki ake ɗura su: a auna albarushi a zuba, a cusa tsumma, a saka dalma ko guntayen ƙarfe, a danna da sanda, sannan a harba sau ɗaya. Hayaƙi ya rufe wa mai harbi ido, damina ta jiƙa albarushi ya ƙi tashi, idan kuma aka cika shi da yawa bindigar ta fashe a hannun mai ita. Shi ya sa har yau ake kiran irinta harba-ka-ruga.

A 1890, ƙasashen Turai sun ƙulla yarjejeniya a birnin Burasels ta hana sayar da bindigogin zamani a yawancin Afirka, amma suka bar ƙofa ga tsofaffin bindigogi da albarushin kasuwa. Su kuwa nasu sojojin suna ɗauke da bindigar Maxim, mai aman ɗaruruwan harsasai a minti ɗaya.

Bebeji, Fabrairun 1903

A watan Oktoban 1902, Magajin Keffi Ɗan Yamusa ya kashe jami'in Ingila Kyaftin Moloney, ya gudo Kano, Alu ya tarbe shi da girmamawa. Lugga, wanda dama yake neman hujja, ya same ta.

A farkon 1903 Alu ya tafi Sakkwato da mahaya masu yawa don yin mubaya'a ga sabon Sarkin Musulmi Attahiru. Yana can, Kanar Morland ya taso daga Zariya a ƙarshen Janairu da sojoji sama da 700, da igwa huɗu da Maxim huɗu.

Bebeji, wadda ke kan hanyar Zariya zuwa Kano, ita ce ta fara tsayawa a gabansu. Mutanen garin suka rufe ƙofa suka ƙi buɗewa. Turawa suka saita igwa, harbinta ya farfasa ƙofar, ya kashe shugaban garin da wasu manyan mutanensa da ke tsaye a bayanta. Ganuwar da ke tsare doki da kibiya ba ta tsare igwa ba. Labari ya riga rundunar yin gaba, garuruwan da ke kan hanya ba su sake gwada tsayawa ba.

Ranar 3 ga Fabrairu aka fasa Kano ta Ƙofar Kabuga. Sarkin Shanu, wanda aka bar wa tsaron birni, yana cikin waɗanda suka kwanta dama.

Ƙarshensa

Labarin ya iske Alu a hanyarsa ta dawowa. Cikin dare ya rabu da rundunarsa, matakin da har yau masana tarihi ke muhawara a kansa: wasu na ganin gudu ne, wasu na ganin niyyar hijira ce zuwa gabas. Ɗan'uwansa Waziri Ahmadu ya ja waɗanda suka zaɓi yaƙi, ya rasu a fafatawar Kwatarkwashi. Wambai Abbas ya koma Kano da sauran jama'a, Turawa suka naɗa shi sarki.

An kama Alu a ƙasar Gobir aka miƙa shi ga Turawa. Suka kai shi Yola, daga baya Lokoja, inda ya rasu a 1926, bayan fiye da shekara ashirin a nesa da gida. Kabarinsa na can.

Bindigar da ya dogara da ita ba ta ɓace ba. Tana hannun maharban Tudun Wada da Doguwa da ke gefen dajin Falgore, tana kuma hannun 'yan bindigar sarki, waɗanda ke ɗura ta da albarushi kaɗai, ba dalma, su harba sama ranar hawa.