Gladys Bentley: Mawaƙiyar Harlem Mai Farin Kwat

Yau ba Kannywood za mu leƙa ba. Hoton wata tsohuwar mawaƙiyar Amurka na ci karo da shi, na kasa wucewa: baƙar mace kakkaura, cikin farin kwat na maza, da doguwar hula a karkace, ga sanda a hannu. Duk wanda ya taɓa shiga situdiyo a nan Ɗambatta ranar Sallah ya san ba a banza ake zaɓen kayan hoto ba. Yadda kake so a san ka, haka kake shiga.

Sunanta Gladys Bentley, an haife ta a Philadelphia a 1907. Tun tana ƙarama kayan 'yan'uwanta maza take sawa, iyaye suka yi ta kai ta wurin likitoci. Tana shekara 16 ta bar gida, sai Harlem, unguwar baƙaƙe a New York. Lokacin an haramta giya a Amurka, gidajen rawa a ɓoye suke ci. Wani mai suna Clam House yana neman namijin da zai kaɗa fiyano, ita ta je, aka kuma ɗauke ta.

Nan tauraruwarta ta haska. Murya ce da ita mai kauri, takan ɗauki waƙar da ake yayi ta juya baitocin su koma na batsa, tana tsokanar matan da ke zaune. A 1928 ta fara faifai da kamfanin OKeh. Ba ta ɓoye cewa ita 'yar maɗigo ce ba, har ta taɓa gaya wa ɗan jarida ta auri wata Baturiya. Wannan kwat ɗin shi ne tallarta, shi ne kuma sanarwarta.

Amma zamani riga ne. Ta koma California a 1937, inda ta kai sai da takardar izini take hawa dandali da kayan maza. Daga baya gwamnati ta shiga farautar masu irin rayuwarta, ana korar su daga aiki.

A 1952 mujallar Ebony ta fito da labarinta, tana cewa ta canza, an yi mata allurai, ta auri namiji. Hotunan da aka haɗa da shi su suka fi tsaya min a rai: ga ta cikin rigar mata, tana girki, tana gyara gado. Ra'ayin kowa daban, amma ni dai ban iya rabewa ba, canji ne daga zuci ko tsoro da neman na tuwo. Auren ma bai ɗore ba.

Ƙarshen rayuwarta coci ta kama, tana shirin zama mai wa'azi. Ciwon huhu ya yi ajalinta a Los Angeles ranar 18 ga Janairu, 1960, tana da shekara 52. In ka buga sunanta a intanet yau, mai farin kwat ɗin ce za ta fara fito maka.